DUTSE DA RUWA A TARIHIN DUTSIN-MA DA KURFI

1.0 GABATARWA

Duk lokacin da aka tashi zancen tarihin ƙasar Hausa, yawanci manyan birane ake ambato, watau Kano da Katsina da Zazzau da Daura da Sakkwato. Ƙananan garuruwa kuwa sai a bi ta kansu a gurguje, kamar dai ba su da abin faɗa in ban da sunan hakimi da ranar kasuwa. Alhali kuwa birni ba ya tsayuwa sai da ƙauye, domin daga can hatsi yake fitowa, da dabbobi, da mayaƙan da suka tsare ganuwa a zamanin da.

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba garuruwa biyu maƙwabtan juna da ke tsakiyar Jihar Katsina, watau Dutsin-Ma da Kurfi. Za a yi ƙoƙarin nuna wa mai karatu cewa abubuwa biyu ne suka riƙe tarihin waɗannan garuruwa tun daga farkonsa, dutse da ruwa. Su ne suka jawo mutane suka zauna, su ne suka kāre su a zamanin yaƙe-yaƙe, kuma su ne a yau abin da baƙo zai taso ya zo kallo. Daga ƙarshe za a taɓo matsalolin da suka dabaibaye waɗannan wurare, da kuma nauyin da ya rataya a wuyanmu, mu ɗaliban Hausa.

2.0 YANAYIN ƘASAR

Dutsin-Ma tana kudu da birnin Katsina da tazarar kilomita sittin da 'yan kai, a kan hanyar da ta nufi Ƙanƙara. Kurfi kuwa tana tsakanin Katsina da Dutsin-Ma. Kowanne daga cikinsu hedikwatar ƙaramar hukuma ne, kuma wakili ɗaya suke turawa Majalisar Wakilai ta Tarayya. A ƙidayar shekarar 2006 an sami mutum kimanin 170,000 a Ƙaramar Hukumar Dutsin-Ma, da kimanin 117,000 a ta Kurfi. Mafi yawansu Hausawa ne da Fulani, kuma noma da kiwo su ne manyan sana'o'insu.

Wanda duk ya baro Katsina ya yi kudu zai ga ƙasa tana sāke kama a hankali. Jigawa mai yashi takan ja baya, sai tsaunuka da falalen duwatsu su fara ɓullowa a tsakiyar gonaki, wasu a ɗaiɗaiku, wasu a cure kamar an jera tulunan ruwa. Masana kimiyyar ƙasa sun bayyana cewa irin waɗannan duwatsu sun daskare ne a can ƙarƙashin ƙasa shekaru miliyoyi masu yawa da suka wuce. Ruwan sama da iska suka yi ta zaizaye ƙasa mai taushi da ke lulluɓe da su, har mai taurin ya bayyana a fili. Zafin rana da sanyin dare kuma suka yi ta ɓāre bayansu kamar ɓawon albasa, shi ya sa ake ganinsu a mulmule.

Abin lura a nan shi ne dangantakar dutse da ruwa. Ruwan sama ba ya nutsewa a kan fā, sai dai ya gangaro ya taru a gindin dutse. Saboda haka gindin dutse yakan riƙe danshi bayan damina ta wuce, rijiya ba ta yin nisa ƙwarai, itatuwa irin su tsamiya da kanya da kuka da ɗorawa sukan yi kyau, namun daji kuma sukan zo shan ruwa. A ƙasar da damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, wannan babbar ni'ima ce. Bayan haka kuma ga gulbin Karaɗuwa da ya ratsa kudancin Dutsin-Ma, wanda ruwansa yake gangarawa yamma ya haɗu da kogunan da ke ƙwarara cikin gulbin Rima.

3.0 ASALIN SUNAN DUTSIN-MA

Sunan gari shi ne shaida ta farko da mai nazari zai riƙa. Sunan Dutsin-Ma ya ƙunshi kalmar "dutsi", da harafin mallaka "-n", da kuma sunan mutum, watau "Ma". Bisa ga tarihin baka da ya shahara a garin, Ma wani maharbi ne da ya zauna a dutsen da ke tsakiyar garin a yanzu, yana farauta a dajin da ke kewaye. Da mutane suka riƙa zuwa suna zama kusa da shi, sai wurin ya ci sunansa.

Akwai darussa biyu a cikin wannan suna. Na farko ya shafi karin harshe. A daidaitacciyar Hausa "dutse" ake cewa, idan kuma aka haɗa shi da wani suna sai ya zama "dutsen". Amma a Katsinanci da sauran kare-karen yamma da arewa "dutsi" ake cewa, shi ya sa aka sami Dutsin-Ma, haka kuma aka sami garin Dutsi a arewacin Jihar Katsina. Idan aka kwatanta da Dutse ta Jihar Jigawa, da Dutsen Wai ta ƙasar Zazzau, za a ga wasali ɗaya tak ya nuna wa mai sauraro ɓangaren ƙasar Hausa da gari yake. Don haka masu rubuta "Dutsen-Ma" da nufin gyara, ɓarna suke yi, domin suna ba ya bin ƙa'idar daidaitawa, yadda masu shi suka raɗa shi haka ake barinsa.

Darasi na biyu ya shafi sigar labarin kanta. Labarin maharbi da dutse ya yawaita a tarihin kafuwar garuruwan Hausa. A Kano ma tarihi ya nuna cewa dutsen Dala sunan mutumin da ya fara zama a kansa ya ci, kuma daga zuriyarsa Barbushe ya fito. Kufena a Zazzau da Kwatarkwashi a Zamfara duk tsofaffin mazaunai ne na gindin dutse, waɗanda aka jingina su da bautar iskoki kafin Musulunci ya kafu. Yawan maimaituwar wannan siga yana da dalili. Maharbi shi ne mutumin da yake fara kutsawa daji, shi ya san inda ruwa yake, shi yake da asirin da jama'a suka yi imani zai kore mugun dawa da mugun iska. Idan ya tabbatar wuri ya zaunu, sai manomi ya biyo shi da gatari da fartanya, sa'an nan makiyayi, sa'an nan maƙeri da ɗan kasuwa. Ke nan labarin Ma, a taƙaice, bayani ne na matakan da ƙauyen Bahaushe yake bi kafin ya zama gari.

4.0 DUTSE A ZAMANIN YAƘI

Ƙarni na 19 shi ne lokacin da amfanin dutse ya fi fitowa fili a wannan yanki. Bayan da aka fara jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a shekarar 1804, malamai uku ne suka jagoranci jama'a a ƙasar Katsina, watau Malam Ummarun Dallaje, da Malam Muhammadu Na Alhaji, da Malam Ummarun Dumyawa. Wajen shekarar 1807 birnin Katsina ya faɗa hannunsu, Ummarun Dallaje ya zama sarki. Zuriyar Na Alhaji ita ce ta riƙe sarautar 'Yandaka, wadda har yau tana cikin sarautu huɗu masu zaɓen Sarkin Katsina, tare da Ƙaura da Galadima da Durɓi. Mai riƙe da sarautar 'Yandakan Katsina shi ne hakimin Dutsin-Ma.

Sai dai cin birni bai kawo ƙarshen yaƙi ba. Sarakunan Haɓe da aka kora sun yi arewa, daga baya suka kafa sabuwar hedikwata a Maraɗi, wadda take cikin Jamhuriyar Nijar a yanzu. Daga can, tare da abokan ƙawancensu Gobirawan Tsibiri, suka yi ta kawo hari ƙasar Katsina kusan tsawon ƙarnin baki ɗaya. Sunayen Sarki Ɗanbaskore da Ƙaura Hasau har yau ba su ɓace daga bakin tsofaffi ba. Babban dajin da ke yamma, wanda ya haɗa ƙasar Ruma da Rugu, ya zama hanyar mahara, domin mayaƙa kan ɓuya a cikinsa su faɗo wa ƙauyuka ba zato. A irin wannan hali ƙaramin ƙauyen da ke fili ba shi da tsira. Dole jama'a su taru wuri ɗaya, su yi ganuwa da gwalalo, kuma inda aka sami dutse sai a jingina da shi. Daga kan dutse mai tsaro yakan hango ƙurar dawaki tun daga nesa, doki ba ya iya hawan fā, kogo kuma yakan ɓoye mata da yara da hatsi.

Kurfi ta yi sa'ar samun shaida a rubuce game da wannan zamani. A watan Maris na shekarar 1853 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da suna Abdulkarim, ya tashi daga Katsina zuwa Sakkwato. Saboda tsoron rundunar Gobirawa ayarinsu bai miƙe yamma kai tsaye ba, sai ya karkato kudu ya bi ta Kuraye da Kurfi, sa'an nan ya yi yamma ta Zakka zuwa Zurmi. A cikin littafin tafiyarsa ya yi bayanin Kurfi a matsayin gari mai ƙarfin tsaro da ke tsakanin duwatsu, kuma yadda aka tsara ganuwarta da ramukan da ke kewaye da ita ya ɗauki hankalinsa ƙwarai. Wannan ya nuna cewa mutanen Kurfi ba su dogara ga dutsen kawai suka kwanta ba, sun haɗa abin da Allah ya halitta da dabarar hannunsu.

Wani abin sha'awa shi ne, hakimin Kurfi sarautar Maraɗin Katsina yake riƙe da ita. Mai karatu zai iya mamakin yadda garin da ya yi ganuwa saboda harin Maraɗi yake ɗauke da wannan suna. Bayanin shi ne, Maraɗi tsohuwar sarauta ce a tsarin mulkin Katsina tun zamanin Haɓe, kuma ana cewa garin Maraɗi ma daga wannan sarauta ya samo sunansa. Ashe ke nan masu kai harin da masu tsare ganuwar duk 'ya'yan gida ɗaya ne da siyasa ta raba.

5.0 DAGA ZUWAN TURAWA ZUWA YAU

Turawan Ingila sun shigo Katsina a shekarar 1903. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki har zuwa rasuwarsa a 1944, aka daidaita tsarin gundumomi, aka umarci hakimai su bar birni su koma su zauna a cikin ƙasashen da suke mulki, don karɓar haraji da jangali da kula da shari'a. A wannan zamani ne Dutsin-Ma ta tabbata mazaunin 'Yandaka. Da hare-hare suka ƙare, sai jama'a suka fara fita daga cikin ganuwa suna sāran sababbin gonaki. Abin da ya koma ɗaukaka gari shi ne hanyar mota da kasuwa da makaranta, ga kuma cinikin gyaɗa da auduga. Dutsen da a da ake gudu a hau, sai ya zama wurin shanya hatsi da wasan yara.

A gyaran tsarin ƙananan hukumomi na shekarar 1976 Dutsin-Ma ta zama hedikwatar ƙaramar hukuma a tsohuwar Jihar Kaduna. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba, 1987, tana cikin ƙananan hukumomi bakwai da jihar ta fara da su. Daga baya aka yanki Kurfi da Safana da Ɗanmusa suka tsaya da ƙafafunsu. Ta fuskar ilimi kuwa, garin yana da Kwalejin Horon Malamai ta Isa Kaita, wadda aka raɗa wa sunan marigayi Wazirin Katsina, tsohon Ministan Ilimi na Jihar Arewa. A shekarar 2011 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa jami'a a garin. Ita ma Kurfi ta fitar da mutanen da suka yi wa ƙasa aiki, kamar Alhaji Ahmadu Kurfi, wanda ya riƙe muƙamin sakataren hukumar zaɓe ta FEDECO a lokacin zaɓen 1979, kuma ya yi sarautar Maraɗin Katsina.

6.0 WURAREN SHAN ISKA DA BUƊE IDO

6.1 Duwatsu

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Wanda ya hau dutsen da ke cikin Dutsin-Ma, ko ɗaya daga cikin duwatsun ƙasar Kurfi, zai fahimci bayanin da ya gabata fiye da yadda alƙalami zai iya faɗa masa. Daga sama zai ga yadda tsohon gari ya rungumi gindin dutse, sababbin unguwanni kuma suka miƙe suka bi bakin titi. Lokacin da ya fi dacewa da hawa shi ne ƙarshen damina zuwa farkon kaka, sa'ad da ƙasa take kore shar, gero da dawa suka fitar da kai, kuma ƙurar hunturu ba ta rufe sararin sama ba. A hau da sassafe ko da la'asar sakaliya, domin da rana tsaka fā yakan yi zafin da ƙafa ba ta iya jurewa. Da damina kuwa sai a yi hattara da santsi. Ya kamata kuma baƙo ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora, bayan ya gai da mai unguwa, domin shi ne zai nuna masa hanya, ya kuma faɗa masa sunan kowane dutse da labarinsa.

6.2 Madatsar Ruwa ta Zobe

Babban abin kallo a wannan yanki shi ne madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka gina a kan gulbin Karaɗuwa, kudu da Dutsin-Ma. An kammala ta a shekarar 1983, a zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Da ƙasa aka yi bangonta, tsawonsa mita 2,750, tsayinsa kuma kimanin mita 19. An tsara ta don noman rani na kimanin hekta 8,000 da kuma samar da ruwan sha.

A bakin wannan ruwa mai ziyara zai ga masunta a cikin kwalekwale suna jefa taru, suna fitowa da tarwaɗa da karfasa. Zai ga Fulani sun kawo shanu mashaya, da masu lambu suna ban ruwa ga tumatir da albasa da tattasai. Mai sha'awar tsuntsaye kuma zai sami balbela da zalɓe da sauran tsuntsayen ruwa. Ga ɗalibin Hausa, bakin ruwa makaranta ce ta kalmomi: sunayen kifaye, da kayan su irin su koma da mali da gora da ƙugiya, da kirarin Sarkawa, waɗanda yawancinmu a takarda kawai muka san su.

6.3 Wasannin Fili

Kamar sauran ƙasar Hausa, da an kawar da amfanin gona sai fili ya buɗe wa samari. Kaka lokacin dambe da kokawa ne, rani kuma lokacin farauta, inda mafarauta kan fita da karnuka da gora da kiɗan tauri. Farauta a garin da maharbi ya kafa tana da wata ma'ana ta daban, domin ita ce sana'ar farko da aka yi a wurin. Sa'an nan ga kilisa da hawan salla, lokacin da 'Yandaka da Maraɗi suke shiga jerin hakiman da ke kai gaisuwa ga Sarkin Katsina, kowanne da dawakinsa da makaɗansa.

7.0 MATSALOLI

Babbar matsala ita ce rashin tsaro. Dajin Rugu, wanda ya ɓoye mahara a ƙarni na 19, ya sāke zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu satar mutane don karɓar kuɗin fansa. A watan Satumba na shekarar 2021 sai da aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi. A watan Oktoba na 2023 kuma aka sace ɗalibai mata biyar na jami'ar Dutsin-Ma. A inda manomi yake fargabar zuwa gonarsa, ba a maganar baƙo ya zo shan iska. Kakanninmu sun sami dutse sun fake, amma dutse ba ya tare mai babur da bindiga. Abin da ya rage daga darasinsu shi ne haɗin kai, domin ganuwar Kurfi da gayya aka gina ta.

Matsala ta biyu ita ce sakaci da dukiyar da ake da ita. Madatsar Zobe ta shafe shekaru masu yawa ba a ci moriyarta yadda aka tsara ba. Sai a shekarar 2021, watau shekara 38 bayan kammala ta, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe wani kashi na aikin tace ruwanta da tura shi garuruwa. Hausawa sun ce dutsen da ke cikin ruwa bai san ana rana ba, amma a nan jama'ar da ke zaune a bakin ruwa ne suka daɗe suna jin ƙishirwa.

Matsala ta uku ita ce gushewar alamomin tarihi. A garuruwan Hausa da yawa ana kwashe ƙasar tsohuwar ganuwa a yi tubali, ana cike gwalalo a yi gida, ana fasa dutse a sayar da tsakuwa, ana sare itatuwan gindinsa a yi gawayi. Ginin ƙasa in ya rushe ana iya ta da wani, amma dutse in an fasa shi ya tafi ke nan. Haka nan tsohon da ya san labari, in ya rasu ba a ɗauki maganarsa ba.

8.0 KAMMALAWA

A cikin wannan maƙala an ga yadda dutse da ruwan gindinsa suka jawo maharbi, maharbi ya jawo gari, gari ya fake da dutse a zamanin yaƙi, sa'an nan zaman lafiya ya mayar da dutsen da gulbin wuraren neman abinci da shan iska. An kuma ga cewa wannan zaman lafiya ne yake cikin haɗari a yau.

Maganar tsaro da ban ruwa aikin hukuma ne, sai dai a yi ta kira. Ya kamata ƙananan hukumomin biyu, tare da shawarar masarauta, su keɓe duwatsun tarihi da ragowar ganuwa, su hana fasa su ko gini a kansu. Amma akwai aikin da yake namu. Kowane ɗalibi da ya fito daga wannan yanki yana iya amfani da hutunsa ya zauna da dattawan garinsu, da sarkin baka da sarkin ruwa da sarkin maƙera, ya ɗauki maganarsu da wayarsa, ya rubuta ta da karin harshen da aka faɗe ta, ya sa sunan wuri da kwanan wata. Ya tattara sunayen duwatsu da ƙoramu da kufai da unguwanni, tare da dalilin kowane suna. Masu neman batun kundin digiri ba sai sun wahala ba, ga shi nan a ƙofar gida. Idan har bayanin da wani baƙo ya rubuta a kan hanyarsa a shekarar 1853 yana amfanar mu yau, to, abin da ɗan gari zai rubuta da harshensa, bayan ya zauna ya saurara da kyau, zai fi haka amfani ga na baya.